Abin da Jinin Lemuel Ya Faɗa

Faratan tsohon ne suka fara ɗaukar hankalin likitar. Yana zaune a kujerar bakin ƙofa, hularsa a kan gwiwa, hannuwansa biyu a kan hular, faratan nan goma suna sheƙi kamar an goge su da mai. Dakta Selvi ta shekara goma sha tara tana duba fatar mutane, ta kuwa san abin da ke sa farcen namiji irin wannan santsi. Ba ado ba ne, susa ce ta shekara da shekaru.

Amma ba shi aka kawo ba. Jikarsa aka kawo, Mabel, 'yar wata biyar, wadda ke kwance a ƙirjin uwarta tana goga kunci a jikin riga kamar kyanwa.

"Likitan unguwarmu ya ce kirci ne, amma ɗan kaɗan," in ji Coralie, uwar yarinyar. "Wai bai ga wurin ya yi ja ba. Ni kuwa, likita, mako shida ke nan yarinyar nan ba ta yi barcin awa biyu a jere ba. Mijina yana can wurin haƙar kwal, sai ya yi mako biyu bai leƙo gida ba. Daga ni sai ita."

"Ai ba zai ga ja ba." Likitar ta ja hannun rigarta sama, ta nuna nata damtsen, baƙi kamar na Coralie. "Littattafan da aka koya mana aiki da su, kusan duk hotunan farar fata ne a ciki. A irin tamu wurin ba ja yake yi ba. Duhu yake ƙarawa, ya yi toka-toka, ya yi kauri. Wanda ja yake nema sai ya ce lafiya lau."

Ta duba wuyan Mabel, ta duba cikinta da bayanta, tana yi mata wasa da baki. Sannan ta tambaya ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi, ko mai asma.

"Babu," in ji Coralie. "Ko a wajen mijina babu."

Likitar ta ɗaga ido ta dubi tsohon. "Baba, kai fa?"

"Ni direba ne kawai," in ji Lemuel. "Na kawo su, zan mayar da su."

Watan Disamba ne, tsakiyar bazara a wannan ƙasa, zafin garin Mackay ya kai inda kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi, amma rigar Lemuel mai dogon hannu ce, a ɓalle har wuya, a ɓalle har wuyan hannu. Haka Coralie ta buɗe ido ta gan shi. Haka ya yi shekara arba'in yana tuƙa ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwasar rake daga gonaki zuwa injin sukari, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Fasto saboda shigar.

Likitar ta rubuta wa Mabel man shafawa iri biyu, ta koya wa Coralie wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ba tare da sabulu ba. Da ta gama sai ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, ta fuskanci tsohon.

"Baba, bari in roƙe ka wani abu. Muna wani bincike, mu da wasu likitoci a birnin Brisbane. Shi kirci, garkuwar jiki ce ke tashi da faɗa alhali babu abokin gaba, kuma in tana faɗan takan bar alamu a cikin jini. Sau da yawa, yadda ciwon ya tsananta haka alamun ke yawa. Muna so mu ga ko jini zai gaya mana abin da ido ke kasa gani a baƙar fata. Manya muke nema, masu irin fatarmu. In muka gane, yara irin Mabel ba za a riƙa sallamar su da 'ɗan kaɗan ne' ba."

"Allah ya ba da sa'a."

"A makon da ya wuce, kwana nawa jikinka ya yi ƙaiƙayi?"

"Ko ɗaya."

"Kwana nawa ya hana ka barci?"

"Barci nake har da minshari."

"Jinin ba shi da yawa, Baba. Bai fi cokali biyu ba."

Lemuel ya miƙe. Ya ɗora hularsa a ka tun yana cikin ɗakin, abin da Coralie ba ta taɓa ganin ya yi a gaban mace ba.

"Jinina yana nan inda Ubangiji ya ajiye shi, likita. Coralie, ina mota."

A hanyar komawa suka haye gada. Gonakin rake sun miƙe dama da hagu, an gama yankan bana, sabon tsiro ya fara kore. Coralie tana baya kusa da kujerar jaririya, tana kallon ƙeyar ubanta.

"Ka ba ni kunya, Baba."

Lemuel ya kafa ido a kan hanya.

"Wata biyar. Kai ka sassaƙa mata gado, kai kake kai mu ko'ina, kullum kana bakin ƙofata da kifi ko gwaza. Amma ko sau ɗaya ba ka ɗauke ta ba. Jiya da hannuna ya sage na ce ka riƙe mini ita in sha ruwa, sai ka ce za ka duba tayar mota. Me tayar ta yi?"

"Hannuna kaushi gare shi."

"Mijina Jarrod ya samu gida a can kusa da wurin aikinsa. Wata biyu ke nan ina ja masa rai, ina cewa ba zan raba yarinya da kakanta ba. In ba ka son ta, ka faɗa mini in daina wahalar da kaina."

Motar ta ɗan karkata, ya mayar da ita kan hanya. 

Washegari ta ɗauki Mabel ta tafi gidan Gwaggo Beryl, yayar ubanta, wadda ta girme shi da shekara huɗu. Ta same ta a bayan gida ƙarƙashin inuwa, tana yanka ɗanyen mangwaro a babban kwano za ta dafa da sukari da yaji.

"Gwaggo, me na yi wa ƙanenki?"

"Wanne? Kurman ko mai taurin kan?"

"Ai ɗaya gare ki."

"To, shi ne duka biyun. Kawo mini Mama in gaishe ta." Haka take kiran jaririyar, don sunan mahaifiyarsu aka sa mata. Ta goge hannu a zani, ta karɓe ta, ta daɗe tana duban kuncin da ya yi toka-toka. Da Coralie ta ba ta labarin abin da ya faru a asibiti, har zuwa maganar jini, sai fara'ar ta bar fuskar tsohuwar.

"Jini ta nema? Lemuel?" Ta girgiza kai. "Zauna. Uwarki ta tafi da maganar nan kabari, ni ma na so in tafi da ita, amma na ga za ta ci wani gidan. Kin tuna hoton wani saurayi da ke ɗakin kakarki?"

"Mai jita?"

"Shi. Kawu Amos ke nan, ƙanen Mama. Shi ke ɗora ubanki a wuya ya kai shi bakin teku kallon jiragen ruwa. Shekarar da ubanki ya cika bakwai, wani likita ya zo barikin masu yankan rake, ya ce kowa ya tuɓe riga. Ya ga wani tabo a bayan Kawu Amos. Ya ɗan tsaga fatar kunnensa, ya shafa abin da ya fito a jikin gilashi, ya tafi. Bayan mako uku sai ga mota da ɗan sanda. Suka ce kuturta ce. A zamanin nan, baƙin mutum in aka ce yana da ita, tsibiri ake kai shi, can arewa, ba a neman shawararsa. Ko hannu ba a bari ya ba mu ba. Mama ta ajiye masa ƙunshin kaya a ƙasa ta ja da baya, ya sunkuya ya ɗauka. Wasiƙa biyu muka samu daga hannunsa. Ta ukun ta hukuma ce."

Gwaggo Beryl ta gyara wa jaririyar kwanciya a cinyarta, ta ci gaba.

"Damina na zagayowa sai ga ƙuraje a gwiwar hannun ubanki. Mama ta rufe ƙofa da taga tsakar rana. Ta warware rigunanta na zuwa coci, ta ɗinka masa masu dogon hannu. Sannan ta sa ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, ya yi mata alkawari uku: ba zai nuna wa likita jikinsa ba, ba zai bari a ɗebi jininsa ba, kuma fatarsa ba za ta taɓa jikin jariri ba. Yaro ɗan shekara takwas. Ina tsaye a wurin."

"Amma Gwaggo, an rufe tsibiran nan tun kafin a haife ni. Kuturtar ma yanzu magani gare ta."

"Ya sani. Ubanki yana karanta jarida, ba jahili ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, kina tsammanin bai san tsumma ba ne? Ko gwajin da kamfani ke yi wa direbobi, ido da kunne kawai yake bari a duba. Uwarki ce ke wanke zanin gadonsa da sassafe kafin ki tashi, saboda ɗigon jini."

Coralie ta dubi hannuwanta. "Ni fa? Ya ɗauke ni ina jaririya?"

"Cikin tawul biyu," in ji Gwaggo Beryl. "Kamar mai sauke tukunya daga wuta."

Ranar Asabar da hantsi ta same shi a bakin rafi, inda yake kafa tarkon ƙaguwa. Ruwa ya janye, laka tana wari, karensa yana kwance a inuwar kwalekwale. Lemuel yana tsugune, ya danne wata babbar ƙaguwa da ƙafa yana ɗaure mata hannuwa da igiya. Bai ɗago ba.

"Gwaggo ta gaya mini."

"Bakin Beryl ba shi da marfi."

Coralie ta zauna a kan kututture, Mabel a ƙirjinta. Ya gama ɗaurin, ya jefa ƙaguwar a buhu, ya wanke hannu a ruwan da ya rage a kwari. Sannan ya yi magana, yana kallon ƙetaren rafi.

"Ranar da na fara ganin abin a kuncinta, kwana na yi ina tunani, ko na taɓa ta da mantuwa. Na tuna ranar da kika ba ni bargonta in shanya. Na ce ko ta nan ya bi."

"Haba, Baba."

"Duk abin da Mama ta ce na yi. Ban karya ko ɗaya ba. Ga shi kuma ya kama ta."

"To, tunda riƙe alkawarin bai tsare ta ba, ka gwada sakinsa mu gani." Ta gyara riƙon Mabel a ƙirjinta. "Kaka ɗanta take tsarewa, ban ga laifinta ba. Da ni ce, da abin da zan yi ke nan. Amma ni ma 'yata nake son tsarewa. Mabel ce ta ɗaure ka, Baba. Ga wata Mabel tana roƙon ka kwance."

Jaririyar ta yi atishawa. Karen ya ɗaga kai ya dube ta, ya mayar.

"Ranar Talata take zama, likitar?" in ji Lemuel.

"Talata."

"Ki ɗauki ƙaguwa biyu ki kai wa mai surutun nan."

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Talata Lemuel ya tsaya a tsakiyar ɗakin likita, ya fara ɓalle maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, daga wuyan hannu. Coralie ta tashi za ta fita, ya ce ta zauna.

Shekararta talatin da huɗu, ba ta taɓa ganin damtsen ubanta ba sai ranar. Fatar ta yi kauri kamar ɓawon tsohuwar bishiya, ta tsattsage a lanƙwasar gwiwar hannu, wasu tsagun sun bushe, wasu sababbi ne. Bayansa duk sawun farce ne, sabo a kan tsoho. Babu ja ko ɗigo. Duhu ne kawai a kan duhu, da farin gari-gari da ya zubo ƙasa lokacin da rigar ta sauka. Coralie ta cusa fuskarta a gashin Mabel.

Dakta Selvi ta wanke hannu, ta goge, ta ɗora tafinta a kan damtsensa.

Ya zabura ya ja baya. "Likita, safar hannu!"

"Ba na bukatarta."

Ta bi jikinsa a hankali, tana dannawa, tana rubutu. Ta ɗauki ɗan auduga ta ce ya rufe ido, ya faɗa mata duk inda ya ji ta taɓa. Bai kuskure ko wuri ɗaya ba. Da ta sake tambayarsa kwana nawa a mako yake jin ƙaiƙayi, sai ya yi ɗan tunani, ya ce, "Biyu. Wani lokaci uku."

Ma'aikaciyar jinya ta zo da allura. Lemuel bai kawar da kai ba. Ya kafa wa 'yar kwalbar ido har ta cika, ya bi ta da kallo har aka liƙa mata takarda mai sunansa aka fita da ita.

"Yaushe za a sani?"

"Wani gwajin sai an aika Brisbane," in ji likitar. "Mako uku."

Coralie ta tuna, bayan mako uku ne mota ta zo ɗaukar Kawu Amos.

A cikin makonnin nan uku bai fasa zuwa gidanta ba. Ya gyara mata famfon da ke yoyo, ya sare reshen mangwaron da ke gogar rufi, ya koya mata inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya, abin da ba ta tambaye shi ba. Ranar da za su koma asibiti ita ta zo ɗaukarsa. Ta same shi a bakin ƙofa, ya yi aski, ya sa wandonsa na zuwa coci. Tagogin gidan duk a rufe. A gefen ƙafarsa akwai wata tsohuwar jaka mai ruwan ƙasa.

"Ina karen?"

"Yana wurin Beryl."

"Jakar fa? Ina za ka?"

"Ba ko'ina. Kaya ne kawai."

 Ta buɗe masa bayan mota, amma ya ce zai riƙe ta a cinya. Da ita ya shiga ɗakin likita, ya ajiye ta tsakanin ƙafafunsa. Dakta Selvi ta dubi jakar, ta dubi Coralie, wadda ta riga ta ba ta labarin Kawu Amos ta waya.  Ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta shimfiɗa takarda a kan gwiwarta yadda zai gani.

"Ka ga wannan layin? A jikin mai lafiya bai cika wuce ɗari ba. Naka ya haura dubu tara. Wannan na ƙasan kuma, shi ya fi bin tsananin ciwon sau da ƙafa. Cikin mutum sittin da muka gwada zuwa yanzu, biyu ne kawai suka fi ka. Ni da idona, da duk shekarun da na yi a aikin nan, matsakaici na rubuta, ya ɗan haura. Jininka ya ce ban gani da kyau ba." Ta dube shi. "Ka ce mini kwana biyu, wani lokaci uku."

Lemuel ya sunkuyar da kai. "Bakwai."

"Tun yaushe?"

"Tun ina aji biyu."

"Barci fa?"

"In na samu awa uku, na gode wa Ubangiji."

"Kirci ne, Baba. Mai tsanani ƙwarai, amma kirci ne. Ba a ɗaukarsa a jikin mutum, ko da an kwana gado ɗaya shekara hamsin."

"Ba waccan ba ce?" Bai iya kiran sunan ba.

"Ba ita ba ce. Ba ma daga jinin na sani ba, tun ranar da na taɓa ka da auduga na sani. Ita kuturta kashe wuri take yi, a soka allura mutum bai ji ba. Ba ta cika zuwa da ƙaiƙayi ba. Kai kuwa fatarka ji take yi har ya yi mata yawa. Ƙaiƙayin nan da ka ɓoye, shi ne babban shaidarka."

 Lemuel ya daɗe yana kallon takardar, ko da yake Coralie ta san bai zo da tabaransa ba.

"Kawu Amos yana susa," ya ce a hankali. "Kullum. Yakan ba ni ɓawon kwakwa in kankare masa baya, ya biya ni da alewa."

Likitar ta naɗe takardar, ta dube shi.

"Ban gan shi ba, Baba. Mutum yana iya samun ciwo biyu a jiki ɗaya, su ma kuma suna da nasu gwajin a lokacin. Ba zan ce maka an yi kuskure ba. Ba zan kuma ce maka ba a yi ba."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka ba shi abin da ya zata. Sai ya nuna Mabel da haɓa.

"Ita fa? Ni na ba ta?"

"Halin fatar yakan bi dangi, kamar tsawo, kamar hanci. In daga wajenka ne, ta jikin Coralie ya bi, ba ta hannunka ba. Da ka ɗauke ta da ba ka ɗauke ta ba, duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne," in ji Lemuel. Ya juya ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta, ya sake cewa, "Duk ɗaya ne."

Likitar ta yi masa bayanin wata allura da za a riƙa yi masa duk mako biyu, wadda ke kwantar da wannan ɓangare na garkuwar jiki, da mayukan da zai riƙa shafawa. Ta ce ba kowa take yi wa aiki daidai ba, amma tana da kyakkyawan zato, kuma bayan wata uku za a sake ɗibar jinin a ga ko alamun sun sauka tare da ciwon. Ya ce to. Ya ce a ɗiba duk lokacin da ake so.

A wurin ajiye motoci ya buɗe bayan mota da kansa ya jefa jakar.

"Me ke ciki?" in ji Coralie.

"Riga uku. Littafi. Da hotonki na ranar da kika gama makaranta." Ya rufe murfin da ƙarfi. "Mu biya gidan Beryl in karɓo karena kafin ta koya masa gulma."

Allurar farko ba ta yi wani abin a zo a gani ba. Bayan ta biyu ya ce wa Gwaggo Beryl ya makara zuwa coci saboda barci, ta ce shekara saba'in da huɗu yana neman hujja, yau ya samu. Bayan ta uku tsagun hannunsa suka fara rufewa. Coralie ta ce wa mijinta a bar maganar ƙaura tukuna, shi ma bai ja ba. Amma har lokacin Lemuel bai miƙa hannu ga jaririyar ba, ita kuma ba ta matsa masa ba. Icen da ya shekara sittin a lanƙwashe ba ya miƙewa rana ɗaya.

Wata ranar Laraba da la'asar, cikin watan Maris, ruwan sama ya tsare shi a barandar gidanta. Coralie ta yi wa Mabel wanka, ta shimfiɗa ta a kan tawul, ta shafe ta da mai tun daga goshi har tafin ƙafa. Kuncin yarinyar ya yi kyau sosai, amma ranar ta ƙi yin shiru. Tana ta kuka tana murza kai a kan tawul. Coralie ta ba ta nono ta ƙi, ta jijjiga ta, ta sake kwantar da ita.

"Bayan kunne," in ji Lemuel daga kujerarsa.

"Na shafa."

"Ba nan ba. Can ƙasa, inda kunnen ya haɗu da wuya. In ana ruwa, nan yake fara ci."

Coralie ta lanƙwasa ɗan kunnen. Ga wata 'yar tsaga siririya, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

"Kada ki goga, gogawa tayar da shi take yi. Dannawa za ki yi, ki riƙe, ki saki. Sannan ki duba tsakanin yatsun ƙafa."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji Coralie. Ta tura kwalbar man gabansa. "Zo ka yi da kanka, ni hannuna ya gaji."

Ya dubi kwalbar. Ya tashi ya shiga ciki, ta ji ƙarar famfo. Ya daɗe. Ta ji ya rufe, ya sake buɗewa. Da ya fito ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya durƙusa a gefen tawul ɗin da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya lakato man da ɗan yatsa, ya tsaya da shi a sama.

"Mama," ya ce wa jaririyar, "ki yi haƙuri, hannun tsoho ne."

Ya danna bayan kunnen, ya riƙe, ya saki. Ya sake. Kukan ya ragu ya koma ƙunƙuni. Ya bi ɗaya kunnen, ya bi lanƙwasar gwiwa, ya bi tsakanin yatsu, duk wuraren da babu wanda ya nuna masa. Mabel ta yi shiru, ta kafa masa ido. Sai ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kanta, ɗaya ƙarƙashin bayanta, ya ɗago ta tsirara yadda take, ya zauna a kan dakali ya kwantar da ita a damtsensa. Kuncinta ya kwanta a kan fatarsa. Ba a daɗe ba numfashinta ya daidaita.

Ruwa yana ta zuba a kan kwano. Coralie tana tsaye da tawul a hannu, ta manta abin da za ta yi da shi. Lemuel ya ɗago ya dube ta, daga sama har ƙasa, kamar mai auna buhu kafin ya ɗaga.

"Ke kam kin wuce ɗauka," ya ce.

"Na wuce."

Ya ɗan matsa gefe a kan dakalin. Ta ajiye tawul ɗin, ta zo ta zauna, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. Ya ɗaga hannun da ba ya riƙe da jaririya, ya ɗora tafinsa a kuncinta. Kaushi gare shi, yana ƙanshin man jarirai.

"A hankali," ya ce. "Kada ki tashe ta."